Musayar Ɗalibai Tsakanin Jami'o'i: Da Me Matafiyi Ke Dawowa?

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da yarda cewa tafiya mabuɗin ilimi ce. Tun kafin zuwan Turawa uba kan ɗauki ɗansa ya damƙa wa malami, malamin ya nufi gabas da shi, ba a sake ganin yaron sai bayan shekaru. Idan ya dawo, karatunsa ake fara dubawa, amma abin da ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne halinsa: ya natsu ko bai natsu ba, ya san girman mutane ko kuwa girman kai ya ƙaro. A wannan zamani jami'o'in duniya sun ɗauki irin wannan tsohon tunani sun yi masa tsari, suka kira shi musayar ɗalibai. Abin da ake nufi shi ne jami'o'i biyu ko fiye na ƙasashe daban-daban su ƙulla yarjejeniya, ɗalibin wannan ya je waccan ya yi zango ɗaya ko shekara guda yana karatu, sannan ya koma jami'arsa ta asali ya kammala, a kuma lissafa masa abin da ya karanta a can tamkar a gida ya yi shi. Wannan ya bambanta da tafiya ƙaro ilimi, inda mutum kan tattara ya je wata ƙasa ya yi digiri sukutum.

Wannan maƙala za ta duba inda tsarin ya samo asali, da irin tasirin da yake yi ga halin ɗalibi da fahimtarsa ga al'adun wasu. Ra'ayina shi ne musayar ɗalibai na da amfani ƙwarai, amma amfanin ba ya zuwa don kawai an hau jirgi an sauka. Akwai sharuɗɗan da idan ba su cika ba, ɗalibi na iya dawowa da duhun kan da ya fi wanda ya tafi da shi. Haka kuma ina ganin mu a nan mun ɗora idonmu kan ƙasashe masu nisa, mun bar musayar da ke bakin ƙofarmu.

Asalin Tsarin

Shirye-shirye biyu ne suka fi shahara a wannan fage. Na farko shi ne shirin Fulbright na Amurka. Sanata J. William Fulbright, wanda ya yi karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila a shekarun 1920, shi ya kawo ƙudurin a 1945, Shugaba Truman ya sa masa hannu a 1946. Dabarar samar da kuɗin abin lura ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta bar kayan yaƙi masu ɗimbin yawa a ƙasashen waje; sai aka ce a sayar da su, a yi amfani da kuɗin wajen kai ɗalibai da malaman Amurka waɗancan ƙasashe, a kuma kawo nasu Amurka. Daga baya shirin ya kai ga ƙasashe fiye da 160, kuma ta hanyarsa malamai matasa daga Nijeriya suka riƙa zuwa jami'o'in Amurka suna koyar da Hausa da Yarbanci na tsawon shekara guda.

Na biyu shi ne shirin Erasmus na ƙasashen Turai, wanda aka fara a 1987. An ba shi sunan wani malami ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1536, wanda ya yi rayuwarsa yana yawon neman ilimi da koyarwa tsakanin Faransa da Ingila da Italiya da Suwizalan. A shekarar farko ɗalibai 3,244 ne daga ƙasashe 11 suka tafi. Zuwa yau waɗanda suka ci moriyarsa sun kai miliyoyi, kuma tun 2014 aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu koyon sana'a da malaman makaranta da ƙungiyoyin matasa.

Akwai wani labari a bayan shirin Erasmus da ya kamata duk mai sha'awar wannan batu ya sani. Wata ɗaliba 'yar Italiya mai suna Sofia Corradi ta sami tallafin Fulbright, ta je Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York, ta yi digiri na biyu a fannin shari'a. Da ta koma birnin Rum a 1958 don ta ƙarasa karatunta na gida, sai jami'arta ta ƙi amincewa da abin da ta karanta a Amurka, dole ta zauna ta sake jarrabawoyin da suka rage mata. Wannan takaici bai bar ta ba. Daga 1969 ta shiga rubuce-rubuce da jawo hankalin shugabannin jami'o'in Italiya da na Turai kan a riƙa amincewa da karatun da ɗalibi ya yi a waje, har aka wayi gari ana yi mata laƙabi da uwar Erasmus. Ta rasu a 2025.

Na kawo wannan labari ne don a gane cewa ƙashin bayan musayar ɗalibai yana ofishin jarrabawa. Turawa sun fahimci haka, shi ya sa a 1989 suka ƙirƙiro ma'auni guda na lissafin kwasa-kwasai, inda aikin shekara ɗaya ta karatu yake daidai da maki 60 a duk jami'ar da ke cikin tsarin. Kafin ɗalibi ya tashi, shi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi sukan sa hannu a takarda guda da ta fayyace kwasa-kwasan da zai ɗauka da waɗanda za su maye wa gurbi a gida. Ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ya baƙunta. Ba don wannan takarda ba, da 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su iya tafiya, domin su ne za su iya jure asarar shekara.

Abin da Baƙunta Ke Yi wa Mutum

Wani masanin halayyar al'umma mai suna Kalervo Oberg ya yi bayani a 1954, aka kuma buga bayanin a 1960, kan halin ruɗani da mutum kan shiga idan ya sami kansa cikin al'adar da ba tasa ba. Ya kasa shi matakai huɗu. Da farko komai na burge baƙo: tituna, wuta ba ta ɗaukewa, ɗakin karatu cike da littattafai. Bayan 'yan makonni sai ɗoki ya gushe, haushi ya maye gurbinsa. Abinci ba ɗanɗano, mutane ba fara'a, kowa na sauri kamar ana binsa. Daga nan sai ya fara gane kan abubuwa, har ya iya yi wa kansa dariya a kan kurakuransa. A ƙarshe ya saba, ya karɓi al'adar mutanen a matsayin wata hanya ta zaman duniya. Masana da suka biyo baya sun nuna cewa ba kowa ne ke bin matakan a jere haka ba, amma duk wanda ya taɓa zaman baƙunta zai shaida mataki na biyu.

A ganina wannan mataki na biyu, wanda kowa ke gudu, shi ne makarantar. Mu ɗauki ɗalibi Bahaushe da ya sauka a wata jami'a ta arewacin Turai. A gida ya saba idan ya haɗu da mutum sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a shiga magana. A can zai gaida maƙwabcinsa na ɗakin kwana, a amsa masa da kalma ɗaya a wuce. A gida bai taɓa kiran malaminsa da sunansa na yanka ba, ko tsaye bai cika yi masa magana ba; a can zai ga ɗalibai na kiran furofesa da sunansa, suna musu da shi a cikin aji, shi kuma yana jin daɗin musun. A gida kawar da ido daga babba ladabi ne. A can ana iya ɗaukar sa a matsayin rashin gaskiya. Idan an ce taro ƙarfe tara, to tara ɗin ce, ba a jiran kowa. Idan azumi ya faɗo a watan Yuni, kamar yadda ya faru a 2016, zai yi sa'a 18 ko fiye bai sha ruwa ba a birni kamar Landan, kuma ba wanda zai ɗaga masa lacca saboda haka. Wanda bai taɓa ɗora tukunya ba zai koyi girki, ko kuwa yunwa ta koya masa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Amma idan suka taru sukan tilasta wa mutum tambayar da bai taɓa yi wa kansa ba: daga cikin abubuwan da nake yi, wanne ne addini, wanne ne al'ada, wanne ne kuma sabo kawai? Mutumin da bai taɓa fita ba yakan haɗa ukun ya ɗaure su a ƙulli ɗaya, ya ɗauka haka duniya take ko'ina. Wanda ya fita dole ya kwance ƙullin. Zai gano cewa salla ba ta da makwafi, don haka zai nemi lungu a ɗakin karatu ya yi ta. Zai gano cewa durƙusa wa malami al'adar gida ce mai kyau, amma rashin yin ta a can ba raini ba ne. Zai kuma gano cewa makara wajen taro ba addini ba ce, ba kuma al'adar da za a yi alfahari da ita ba ce. Wannan rarrabewa ita nake kira girma, kuma da wuya a same ta daga littafi.

Ga ɗalibin harshe akwai ƙarin riba. Bahaushen da aka tura koyar da Hausa ga baƙi yakan ɗauka aikin mai sauƙi ne, tun da harshen uwarsa ne. Sai ranar da wani ɗalibi ya tambaye shi me ya sa ake rubuta "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya alhali furucinsu daban ne, ko me ya sa jam'in "gida" ya zama "gidaje" amma jam'in "riga" ya zama "riguna", ko kuwa me ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. A nan ne zai gane cewa jin harshe daban, sanin harshe daban. Da yawa daga cikin masu nazarin Hausa sun fara ɗaukar karin sauti da tsawon wasali da muhimmanci ne a lokacin da baƙo ya tsare su da tambaya. Baƙo kan ga abin da ɗan gari ya daina gani saboda sabo.

Dawowa ma tana da nata ciwon, kuma ba a cika maganarsa ba. Ɗalibin da ya yi shekara a waje yakan dawo ya tarar abokansa sun gaji da labarinsa tun a kwana na biyu. Abubuwan da a da bai damu da su ba, yanzu suna ci masa rai. Idan bai yi hattara ba sai ya zama irin mutanen nan da ba sa buɗe baki sai sun ce "a can Ingila", har jama'a su fara gudunsa. Irin wannan bai kammala karatun tafiyarsa ba, domin ya koyi zama da baƙi amma ya mance zama da nasa.

Tafiya Kaɗai Ba Ta Wanke Zuciya

Masu tallata shirye-shiryen musaya sukan yi magana kamar da zarar matasan ƙasashe biyu sun haɗu sai ƙauna ta shiga tsakani. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Mu dubi Misirawa biyu. A 1826 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya tura ayarin ɗalibai birnin Faris, aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar mai suna Rifa'a al-Ɗahɗawi don ya zama limaminsu. Limamin nan bai tsaya ga limanci ba. Ya duƙufa ya koyi Faransanci, ya yi shekara biyar yana karatu yana kuma rubuta abin da ya gani, kamar yadda malaminsa Hasan al-Aɗɗar ya shawarce shi. Littafin tafiyar tasa, Takhlisul Ibriz, ya fito a 1834. A ciki ya yaba abin da ya ga ya cancanci yabo, kamar tsarin ilimi da dokokin mulki, ya kuma soki abin da ya saɓa wa addininsa. Bayan dawowarsa ya jagoranci makarantar koyon harsuna da fassara da aka kafa a 1835, wadda ta mayar da littattafai masu yawa zuwa Larabci.

Bayan fiye da shekara ɗari, a 1948, ma'aikatar ilimi ta Masar ta tura wani ma'aikacinta, Sayyid Ƙuɗub, Amurka don ya nazarci tsarin karatunsu. Ya zauna har 1950, ciki har da wata kwalejin horar da malamai a garin Greeley na jihar Colorado. Ya dawo da ƙyamar rayuwar Amurkawa fiye da yadda ya tafi, kuma abin da ya rubuta game da su ya nuna haka ƙarara. Ba ina nufin in yi hukunci a kan abin da ya gani ba, domin wariyar launin fata da ya tarar a can gaskiya ce. Abin da nake son a lura da shi shi ne ƙasa guda ta tura mutum biyu, duka don ilimi, amma tafiyar ta haifar da abu biyu mabambanta.

Shi kansa Sanata Fulbright misali ne mai ban mamaki. Mutumin da ya yi zaman Oxford, ya kuma kafa shiri don al'ummomin duniya su fahimci juna, shi ne ya sa hannu a 1956 kan takardar 'yan majalisar kudancin Amurka masu adawa da haɗa 'ya'yan baƙaƙe da na farare a makaranta ɗaya, ya kuma ƙi goyon bayan dokar 'yancin baƙar fata ta 1964. Tafiya ta buɗe masa ido ga mutanen ƙetaren teku, amma ba ta buɗe masa ga maƙwabtansa na jihar Arkansas ba.

To, mene ne ke bambanta tafiya mai amfani da maras amfani? Wani masanin halayyar ɗan'adam, Gordon Allport, ya bayyana a littafinsa na 1954 kan ƙyamar jinsi cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya ne idan ɓangarorin biyu suna matsayi ɗaya, suna da buri guda, suna aiki tare don cim masa, kuma hukuma na goyon bayan cuɗanyar. Idan muka auna musayar ɗalibai da wannan sikeli za mu ga inda take yawan gazawa. A jami'o'i da yawa akan tara ɗalibai baƙi a gini ɗaya, a yi musu aji na musamman da Ingilishi, su ci tare su fita tare. Sai ɗalibi ya yi wata shida a Jamus ko Sin bai taɓa shiga gidan ɗan ƙasar ba, bai kuma iya gaisuwa da harshensu ba. Namu kuwa, da zarar sun sauka sai su nemi inda 'yan Nijeriya suke, daga nan su nemi inda 'yan Arewa suke, ƙarshe dai a kafa majalisar 'yan gari ɗaya a ɗakin wani. Neman ɗan'uwa a baƙon wuri ba laifi ba ne, yana ma rage kewa. Amma idan ya zama shi ke nan, to an kwaso gida ne an kai waje.

Wayar hannu ta ƙara wa matsalar nauyi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, da Malam Aminu Kano da ya bi sahunsa a 1946, wasiƙarsu kan ɗauki makonni kafin ta iso gida. Dole su zauna da mutanen da suka tarar, su saurare su, su yi musu da su. Kuma daga wannan zama ne Malam Aminu ya dawo da himmar haɗa kan malaman makarantun Arewa a ƙungiya guda. Ɗalibin yau kuwa yana iya kwana yana hira da 'yan ajinsu na gida ta WhatsApp, jikinsa na Turai, ruhinsa na Sabon Gari. Kaɗaicin nan da ke tura mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, waya ta kawar da shi.

Ina Muka Tsaya?

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya yi zama a Alƙahira yana koyarwa da rubutu har ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, daga bakinsa J.F. Schön ya samo kaso mai yawa na Hausar da ya zuba a littattafansa. Malam Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙi sun zo sun zauna da mu: G.P. Bargery ya yi shekaru yana zagaya ƙasar Hausa kafin ƙamusunsa ya fito a 1934, Paul Newman kuma ya yi aiki a cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano a shekarun 1970 kafin ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000. An koyar da Hausa a jami'o'in Landan da Faris da Hamburg da Warsaw da Beijing da wasu na Amurka, kuma ɗalibansu sun riƙa zuwa Kano da Zariya don su ji harshen daga bakin masu shi.

Sai dai abin da muke da shi a yau, mafi yawansa ba musaya ba ce. Musaya tana nufin ka ba ni in ba ka. Mu kuwa fita muke yi, kuma fitar ta dogon zango ce, ta digiri na biyu ko na uku, da kuɗin gwamnati ko na iyaye. Wasu ba sa dawowa. A ƙarshen 2024 asusun TETFund ya sanar da dakatar da ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu zuwa karatu a ƙasashen waje, yana mai kafa hujja da tsadar kuɗin waje da kuma yawan waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Wannan ya ishe mu hujja cewa tsarin da ya dogara kacokan kan dala da fam ba zai ɗore ba. Mun ma taɓa ganin irin haka. A da ɗaliban Faransanci na jami'o'in Nijeriya kan yi shekara guda a Faransa ko wata ƙasar Afirka mai magana da harshen. Da tattalin arziki ya taɓarɓare sai aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala a 1992, don su maye gurbin wannan tafiya. Ƙauyukan sun yi amfani, amma ɗalibin da ya fito daga aji a Badagry, idan ya shiga kasuwa ba da Faransanci zai yi ciniki ba.

Shawarata ita ce mu fara daga kusa. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba, kuma kowanne gari na da jami'a. Damagaram na da jami'a, Tawa na da ita, ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga Jami'ar Musulunci ta Say. A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma ɗalibai nawa ne a sassan Hausa na kwalejojinmu suka taɓa kwana a Damagaram? Muna koyar da su karin harshen yamma da na arewa daga allo, muna zana musu taswira, alhali masu karin suna tafiyar sa'o'i kaɗan daga bakin ƙofar kwalejin.

Wani zai ce, ai Bahaushen Maraɗi da na Katsina abu ɗaya ne, wace al'ada za a koya? Wanda ya faɗi haka bai je ba. Shekaru sittin na mulkin Faransa a can da na Ingila a nan sun bar tabo a harshe da tunani. Ɗalibinmu zai ji ana cewa "lakwal" inda ya saba jin makarantar boko, "mushe" a maimakon malamin makaranta, "kaso" a maimakon kurkuku, kuma "likita" na iya zama wurin da ake zuwa neman magani ba mutumin da ke bayar da shi kaɗai ba. Zai ga ƙa'idar rubutu ta ɗan bambanta duk da taron daidaita ta da aka yi a Yamai a 1980. Zai ga tsarin mulki da na makaranta da aka gina a kan wani tubali daban. Ganin naka a cikin wata riga yakan fi girgiza tunani a kan ganin bare, domin ba ka da damar cewa ai su dama can daban suke. Shi ma ɗalibin Nijar da zai zo Kano zai tarar da kasuwar littattafan Hausa da masana'antar fina-finai da sassan nazarin Hausa masu dogon tarihi. A nan kowa na da abin bayarwa, wato sharaɗin nan na daidaiton matsayi da Allport ya ambata ya cika, abin da da wuya ya cika tsakanin ɗalibinmu da jami'ar Turai mai ɗaukar nauyinsa.

Ban jahilci cikas ɗin da ke akwai ba. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin kan iyaka. Ga yajin aiki da ke hargitsa kalandar karatu, ta yadda zangon wannan jami'a ba ya haɗuwa da na waccan. Akwai kuma iyaye da za su yi ɗar-ɗar da tura 'ya mace wata ƙasa, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amsarta ita ce masauki amintacce da malama mai rakiya, domin idan aka bar mata a baya an bar rabin ajin ke nan. Amma ya kamata a tuna cewa Erasmus ma an gina shi ne tsakanin ƙasashen da iyayen ɗaliban suka yaƙi juna. Lokacin da gwamnatoci ke hararar juna shi ne lokacin da aka fi buƙatar matasan da suka taɓa cin tuwo a kwano ɗaya.

Ba sabon gini ake buƙata ba. Manhajar kwalejojin ilimi ta riga ta tanadi zaman sabo da harshe da al'ada ga ɗaliban da ke koyon Hausa ko Yarbanci ko Ibo a matsayin harshe na biyu, inda ake kai su cikin masu harshen su zauna. Ke nan hukuma ta riga ta amince cewa akwai ilimin da sai an je ake samunsa. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan tunani ya tsallaka iyaka, a kuma ɗauki darasi daga abin da ya sami Sofia Corradi. Kafin ɗalibi ko ɗaya ya hau mota, shugabannin sassan biyu su zauna su jera kwasa-kwasansu, su amince wanne ne ke maye gurbin wanne, su sa hannu. A sauke baƙon a ɗaki ɗaya da ɗan gari, a haɗa su aikin bincike guda, misali tattara karin magana ko waƙoƙin daka na garuruwan kan iyaka, wanda makin kowannensu ya rataya a kan na ɗan'uwansa. A wajabta wa kowa rubuta abin da ya gani kullum, kamar yadda aka shawarci al-Ɗahɗawi, ya kuma gabatar da shi a gaban 'yan ajinsu idan ya dawo. Ɗalibai goma daga nan, goma daga can, na zango ɗaya, sun isa gwaji, kuma kuɗin motarsu gaba ɗaya bai kai na tikitin jirgin mutum biyu zuwa Landan ba.